Tagwayen Takwas a Hannun Kawu

Kawuna yana da kunnen da ya kamata a kai jami'a a yi bincike a kansa. Idan ka tsaya a gabansa ka ce takalminka ya tsinke, ba ya ji, ko da lasifikar masallaci ka ara. Amma idan kwabo ya faɗi a ƙarƙashin wata gada a can ƙarshen Giza, zai ɗaga kai daga kwanon abinci ya tambaya na wane ne. Wannan kunnen ne ya kama ni wata Laraba da rana, ina kwance a doguwar kujerar falo, littafin nahawu a buɗe a gabana, waya kuma a ɓoye a bayan littafin. Na manta ban kashe sauti ba. Na ci wani zagaye a wasan karta na intanet da ake kira foka, sai wayar ta saki ƙarar tsabar kuɗi suna zubowa, kamar an fasa asusun dukan yaran unguwa a lokaci ɗaya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni Alƙahira don in yi sakandare, muna zaune a hawa na uku na wani dogon gida a unguwar Ardul Liwa, inda in ka miƙa hannu ta taga sai ka kwashe shanyar maƙwabci. Sana'arsa sayen takalma da abaya a kasuwar Ataba yana turawa gida. Ɗaki ɗaya a gidan na wani ɗalibin shari'a ne, siriri mai sanyin hali, muna kiransa Ustaz. Mutumin kirki ne, sai dai ko tambayarsa ka yi ya ci abinci, sai ya fara gaya maka cewa akwai ra'ayoyi biyu a kan mas'alar.

Kawu ya karɓe wayar, ya ga katuna, ya ga tarin tsaba a kan koren tebur, ya kira Ustaz. Na rantse da duk abin da na sani cewa tsabar ta bogi ce, kyauta ake raba ta, ba a saya, ba a sayarwa, ko ƙwayar falafil ɗaya, ƙosan Misirawa, ba za ta saya maka ba. Ustaz ya ce in dai babu kuɗi a ciki to abin yana buƙatar nazari, domin a sura ya yi kama da caca, a haƙiƙa kuma sai an duba. Kawu ya ce shi ba shi da lokacin sura da haƙiƙa, wayar kawai zai kulle a akwatinsa har in gama sakandare.

Duk wanda bai taɓa zama ɗan shekara goma sha shida ba, ba zai gane abin da wannan hukunci yake nufi ba. A wayar nan nake jin muryar mahaifiyata, a nan 'yan ajinmu suke tura aikin gida tare da amsarsa, a nan ake sanar da wurin ƙwallo. Yaron da ba shi da waya a ajinmu, ana yi masa ta'aziyya ne da ransa. Tsoro ya sa bakina ya riga ƙwaƙwalwata. Na ce, "Kawu, wallahi ba caca ba ce. Ciniki ne. Irin naka na Ataba ne sak, tayi da ƙari da karanta fuskar mutum."

Kalmar ciniki a wurin Kawu kamar ƙamshin suya ce a hancin kyanwa. Ya ce to, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, zan buga a gabansa da gaban Ustaz. In ya ga ciniki ne, waya tawa ce. In ya ga caca ce, sai mu haɗu da ita bayan jarrabawar ƙarshe.

Ranar Juma'a muka dawo, aka share kwanon kushari, haɗin shinkafa da taliya na Misirawa, aka kunna fanka. Kawu ya zauna a damana da kofin shayi. Ustaz ya jawo kujera can gefe, ya ba mu rabin baya, ya riƙe carbi, wai shi kunnensa kawai ya kawo, idonsa ba zai shiga ba. Na shiga gasar kyauta da ake yi kullum, wadda mutane daga ko'ina a duniya suke taruwa su ɓata ranarsu tare.

Na yi musu bayani a taƙaice. Kowa ana ba shi tsaba daidai da ta kowa, wanda tasa ta ƙare ya fita. Ana raba wa kowane mutum kati biyu a rufe. Kafin a shimfiɗa komai a tsakiyar tebur, sai ka zaɓa: ko ka zubar da katinka ka huta, ko ka bi abin da aka sa, ko ka ƙara. Bayan nan ake buɗe katuna uku a tsakiya, waɗanda kowa zai haɗa da nasa, su ake kira fulof, sannan wasu biyu su biyo baya. Akwai kuma harajin tilas da yake zagaya tebur yana ƙaruwa, don kada wani ya yi zaman jira har abada. Da ya ji haraji, Kawu ya gyaɗa kai ya ce lallai akwai gwamnati a ciki.

Da farko komai ya tafi yadda nake so. Aka yi ta ba ni tarkace, biyu da bakwai, uku da tara, ina zubarwa. Kawu ya ji daɗi, ya gaya wa Ustaz cewa ashe yaron nan ba ya ɗaukar ruɓaɓɓen kaya. Na ga wayata tana dawowa gare ni a hankali, har na fara tsara yadda zan ba 'yan ajinmu labari.

Daɗi ya sa na zarce da surutu. Na gaya masa cewa hannu mai kyau sosai, irin As biyu ko Sarki biyu, wato manyan katuna, ko jariri zai iya buga shi, haka ma hannun banza, tunda zubarwa ake yi. Wanda yake sa manyan 'yan wasa ciwon kai shi ne tagwayen tsakiya, wato a ba ka bakwai biyu, ko takwas biyu, ko tara, ko goma. Sun fi ƙarfin zubarwa, ba su kai na taƙama ba. A lokacin da aka ba ka su, yawanci kai ne kan gaba a teburin, amma da zarar an buɗe katuna ukun nan, sau da yawa sai wani babban kati ya faɗo, ka zauna kana zufa ba ka san ko an wuce ka ba. Samun ɗan'uwansu na uku a tsakiya kuwa sai an dace. Don haka kafin a buɗe komai ake yanke shawara. In kana cikin na ƙarshen magana kuma kowa ya zubar, ka ƙara, ka kwashe haraji. In tsabarka ta yi ƙasa, ka tura duka a wuce wurin. Abin da ba a so shi ne ka tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

Kawu ya ajiye kofin shayi. Ya ce ai wannan rayuwarsa na karanta masa. Shekara nawa yana cin abinci da kayan tsakiya, takalmin da ba na roba ba ne kuma ba fatar Italiya ba, wanda in ka yi masa kirari da yawa a yi maka dariya, in ka yi shiru a raina shi. Ya ce babu wanda zai koya masa kayan tsakiya a garin nan.

Bai rufe baki ba aka raba kati, sai ga takwas biyu a hannuna, ja da baƙi, suna kallona. Muna cikin na ƙarshen magana, duk waɗanda suka riga mu sun zubar. Yatsana ya nufi maɓallin ƙari. Kawu ya fizge wayar.

"Kawo nan, ɗan nan. Wannan kayana ne."

Abu na farko da ya nema shi ne inda ake sallama. Na nuna masa wurin rubutu, ya rubuta cikakkiyar sallama har da rahama da albarka, ya tambayi teburin ya iyali. Babu wanda ya amsa. Wani ɗan wasa mai hoton kyanwa sanye da tabarau ya jefo masa hoton tumatir, ya fashe a kan kujerarmu. Kawu ya tambaye ni ko kyauta ce, na ce kusan haka.

Na ce ya ƙara, agogon da ke ƙirga lokacinmu na yanke shawara yana tafiya. Ya ce in yi shiru. A Ataba, wanda ya nuna yana son kaya ya gama kashe kansa. Kana ɗaga takalmin ne da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ka taɓe baki, ka yi tayi kaɗan. Saboda haka ya bi mafi ƙarancin abin da ake sawa, ya taɓe baki ga wayar, har ya kau da kai ya dubi silin. Na yi ƙoƙarin gaya masa cewa ba sa ganin fuskarsa, ya ce ɗan kasuwa na gaske yana ji a jikinsa.

Mai hoton kyanwa, wanda tun farkon gasa yake ƙari da kowane irin shara, ya zabga ƙari mai nauyi. Da irin tsabar da ta rage mana da irin halin mutumin, abin yi a bayyane yake, a tura duka. Na faɗa. Kawu ya yi murmushin wanda aka zo gidansa. Ya ce wannan farashin farko ne, ba a taɓa kulawa da farashin farko, in nuna masa maɓallin da ake taya rabi. Na ce babu. Ya ce to sulusi biyu. Na ce babu, a nan ba a rage abin da mutum ya sa, sai dai a bi ko a ɗara. Ya juya ya gaya wa Ustaz cewa ya taɓa jin kasuwar da farashi yake hawa kawai ba ya sauka, amma bai zaci zai gan ta a tafin hannunsa ba.

Daga nan ya fito da babban makaminsa, wanda duk 'yan Ataba suka san shi da shi. Idan mai kaya ya kafe, Kawu yakan ajiye kayan a hankali, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya ya kama hanya, yana tafiya kamar mai ciwon gwiwa don ya ba mutum damar tuba. Ba a taɓa barin ya kai bakin layi ba. Kullum sai an biyo shi, an riƙo hannun rigarsa, an rantse masa da 'ya'ya cewa faɗuwa ake yi, an kawo shayi, an ƙulla ciniki. Ya tambaye ni wane maɓalli ne na tafiya. Na nuna masa na zubarwa, ina cewa, "Kawu, in ka danna shi ke nan fa." Ya ce shi ya sa har yanzu ni yaro ne. Ya danna.

Bai tsaya nan ba. Ya kifa wayar a kan tebur, ya miƙe, ya gyara hula, ya nufi ƙofar falo da tafiyar nan tasa ta mai ciwon gwiwa. Ni da Ustaz muna kallon ƙeyarsa. Ya kai ƙofa, ya rage sauri. Ya kama mariƙin ƙofa, ya tsaya yana duba shi kamar yau ya fara ganinsa. Falo ya yi tsit, sai fanka da ƙarar mai tallan gas yana buga tukunya da sifana a ƙasa. Ba tare da ya waiwayo ba ya tambaya a hankali, "Ya kira?"

Na ce bai kira ba.

Ya ce a ba shi lokaci, wasu suna da girman kai. Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje. Na ɗaga wayar na duba. Mai hoton kyanwa ya riga ya kwashe tsaba, kuma don tsabar rashin kunya ya buɗe katunansa kowa ya gani: uku da bakwai, ba ma iri ɗaya ba. Ya haɗa da hoton fuska tana dariya har da hawaye. An ma raba sabon kati.

Kawu ya dawo ya zauna, ya tambayi ina takwas ɗinsa. Na ce sun tafi. Ya ce a dawo da su, ai ba a gama magana ba. Da na nuna masa uku da bakwai ɗin, ya daɗe yana kallonsu. Ya ce a shekarunsa na kasuwa an sha cutarsa, amma ba a taɓa cutarsa sannan a buɗe kwali a nuna masa cewa babu komai a ciki ba.

Daga wannan lokaci wayar ba ta sake dawowa hannuna ba. Kawu ya riƙe ta da hannu biyu yana jiran mai hoton kyanwa kamar mai jiran ɓarawo a bayan ƙofa. Haraji yana ta cin tsabarmu. Ni kuwa lissafi nake yi a zuci: in muka fita yana cikin wannan fushi, akwati ne makomar wayata, ƙila ma ya haɗa da caja don kada su yi kewar juna. Na lura kuma kujerar Ustaz ta matso. Ban ga lokacin da ta taso ba, amma rabin bayan da ya ba mu ya koma rabin fuska, carbi kuma ya tsaya cak.

Sai aka ba mu tara biyu. Wannan karon muna cikin na farkon magana, tsaba kuma ta yi ƙasa ƙwarai. Na ce, Kawu, yanzu babu wata dabara, a tura duka, ko su tsorata su bar mana haraji, ko a gwada. Kawu ya ce ɗan kasuwa ba ya zuba jarinsa duka a kaya ɗaya. Na ce to a zubar, ko da yake asara ce. Ya ce ya zubar ɗazu ya ga abin da zubarwa take haifarwa. Agogo yana ci, sai Ustaz ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ni ba na cikin wannan abu, Allah shaida ne. Amma a ƙa'ida, in aka rasa mafita tsakanin wuce iyaka da gazawa, tsaka-tsaki ake bi. A sa rabi."

A duk zaɓin da yake duniya, wannan ne mafi muni. In ka sa rabin abin da ya rage maka, ba ka tsorata kowa ba, kuma ba ka bar wa kanka hanyar gudu ba. Na buɗe baki in faɗa, Kawu ya ce Allah ya gafarta Malam, ilimi ya yi rana, ya ja tsaba zuwa rabi ya danna. Kowa ya zubar har aka zo kan mai hoton kyanwa. Ko numfashi bai yi ba, ya tura duka.

Kawu ya dubi ƙofar falo, ya dubi wayar. Na ga yana auna tafiyar a ransa, sannan ya tuna. Ya ce yau ba inda za shi. Ya bi.

Aka buɗe katuna. Mai hoton kyanwa yana da As da Sarauniya, wato kusan kunnen doki muke, mu ne ma a gaba da ɗan kaɗan. Aka shimfiɗa ukun farko: huɗu, biyu, goma. Babu abin da ya taɓa mu. Kawu ya miƙe tsaye. Na huɗu ya faɗo, shida. Ustaz, wanda ba ya cikin wannan abu, ya dafa kafaɗata da ƙarfin da ban san yana da shi ba, na ji yana karanta wani abu a ƙasan maƙoshi. Na ƙarshe ya faɗo, Sarauniya, ta haɗu da tasa suka danne tara biyunmu.

Teburin ya ɓace. Wani rubutu mai walƙiya ya fito yana tambaya ko muna son sake bugawa. Kawu ya juya wayar gaba da baya, yana neman inda aka ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ko Allah ya mayar da alheri, bai samu ba. Ustaz ya janye hannunsa daga kafaɗata, ya dube shi kamar na wani ne, ya mayar da kujerarsa inda take da farko.

Aka zo hukunci. Ustaz ne ya fara, ya yi dogon bayani mai rassa, wanda na fahimci ƙarshensa kawai: tunda babu dukiya a ciki ba zai kira shi caca kai tsaye ba, amma katangarsu ɗaya da ita, yana cin lokaci, kuma shi da kansa ya shaida cewa yana sa zuciyar mutumin kirki bugawa ba bisa ƙa'ida ba. Ya nemi kada a ambaci zancen rabi a wajen abokan karatunsa.

Kawu ya kurɓi shayinsa da ya huce. Ni dai idona yana kan aljihun da ya sa wayar. Can ya ce ya duba da kyau, ba zai zalunce ni ba, ciniki ne. Akwai tayi, akwai ƙari, akwai ƙarya daidai gwargwado. Na fara murmushi.

"Amma cinikin marasa tarbiyya ne," in ji shi. "Ka yi sallama a jefe ka da tumatir. Ka juya baya a bar ka ka tafi. Wanda ya bar mai saye ya fita bai kira shi ba, wannan ba ɗan kasuwa ba ne, ɗan fashi ne mai kujera. In ka girma a cikinsu, wata rana zan sa ka a shago, mutum ya juya, ka tsaya kana kallon ƙeyarsa."

Ya ciro wayar ya miƙo mini, tunda alkawari ya yi, amma bai sake ta ba sai da na danna hoton wasan da yatsana, na goge shi a gabansu. Ya sa na buɗe ko'ina ya tabbatar babu wani tebur da ya ɓuya a lungu. Na karɓi wayata da hannu biyu, na duba ta ciki da waje kamar wadda ta dawo daga asibiti. Tsabar bogin da na tara wata da watanni ta tafi, amma ko a jikina. Na tura wa 'yan ajinmu saƙo cewa ina raye.

Aka kira la'asar, muka sauko. Ustaz ya yi gaba da sauri, ni da Kawu muna baya muna kauce wa 'yan tuk-tuk, adaidaita sahun garin, a cikin lungu. Mun kusa masallaci ya rage murya, bai dube ni ba, ya tambaya ko da mun tura duka da takwas ɗin nan, da mun ci. Na ce da alama, Kawu, uku da bakwai ne fa a hannunsa. Ya yi 'yan taku. Yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ce laifina ne, ban faɗa da ƙarfi ba.